Inci Shida a Goshin Tifar Lorne

Ni na ɗaura wa tifa mai lamba goma sha huɗu ƙahonta. Da hannuna na auna, da hannuna na ɗaure notinan, ni kuma na sa hannu a takarda cewa komai ya zauna daidai. Sunana Merv Kostiuk, a lokacin shekarata ashirin da shida ina makanike a garejin mahaƙar tagullar da ke saman garinmu.

A shekarar ne kamfani ya ja wayoyin lantarki a saman hanyar da ke fitowa daga rami, hawa mai tsawon kilomita guda. Aka ce a kafa wa tifofi bakwai wasu hannuwan ƙarfe bibbiyu a goshi, waɗanda za su miƙe su taɓa waya, mota ta sha wuta kai tsaye. Injiniyoyi fantogiraf suke ce musu, mu a gareji ƙaho muke cewa. Tifar da ke ɗauke da dutse tan ɗari biyu da ɗoriya, wadda a da take jan ciki a hawan nan tana zuba hayaƙi, in ta kama waya sai ta ninka gudunta. Sharaɗin ɗaya ne, direba ya riƙe tsakiyar layi. In ya kauce, ƙahon ya faɗo da kansa, mota ta koma kan dizal, duk na bayanta su taka birki. Kwamfuta kuma tana rubuta kowace faɗuwa da sunan mai tuƙi.

Lorne Haugland ya girme ni da shekara tara. Shi ya yi mini hanya na samu aikin nan tun ina saurayi, kuma kowace kaka tare muke zuwa farautar barewa. Lokacin da matata ta kwanta asibiti wata biyu, a gidansu 'yata ta zauna, matarsa Darlene ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tifa bai taɓa ko goge bango ba. Da aka nemi direbobin gwaji, shi ya fara ɗaga hannu.

"Kai tsoho, me za ka yi da lantarki?" na ce masa. "Ko wayar hannunka sai jikarka ta kunna maka."

"Rufe mini baki, ɗan baƙin mai," ya ce. "Shekara talatin ina hawa tudun nan kamar da kafaɗata nake tura motar. Kafin in ajiye aiki sai na hau shi da gudu ko da sau ɗaya."

Lamba goma sha huɗu ce ta ƙarshe da ta shigo gareji. Ranar Juma'a ce, injiniyoyin da suka kawo kayan sun riga sun tafi, mu ma duk mun gaji da ganin ƙaho. Zanen aiki ya ce a nemo tsakiya daga ƙashin motar, wato sai mutum ya shiga ƙarƙashinta da igiya da fitila. Amma a guda shidan farko na lura cewa in ka auna daga bakin dandamalin gaba, inda direba ke takawa ya shiga, lamba ɗaya kake samu. Sai na auna daga nan. Injin ɗaga kaya ya sauke ƙarfen, muka ɗaure, muka gwada ƙahon ya tashi ya sauka lafiya lau. Ƙarfe huɗu na yamma na sa hannu na tafi gida.

A watannin gwaji da rana kawai ake sakin wuta a wayar, kuma kowane direba da motarsa. Aka ba Lorne goma sha huɗu. Ranar farko na tsaya a bakin rami ina kallo. Ya shigo ƙarƙashin waya, ƙahon ya miƙe, hayaƙi ya ɗauke, motar ta zabura. Muka ji shi a rediyo yana dariya kamar yaro. Yana kaiwa kwanar da ke tsakiyar hawan, sai ƙahon ya faɗo.

Kowa ya faɗar a makon farko, ba wanda ya damu. A mako na uku sauran sun ƙware, Lorne kuwa yana nan yana faɗarwa sau biyar sau shida a yini, kullum a kwanar nan. Direbobin da ke bayansa suka fara zolayarsa a rediyo. Wani ya liƙa masa tabarau na roba a jikin akwatin abincinsa.

Wata rana bayan an tashi ya same ni a gareji ina wanke hannu.

"Merv, ka ɗan duba mini motar nan mana. Ina kan layi, wallahi ina kan layi. Fitilar da ke nuna mini tsakiyar layi ma kore take nunawa, sai kawai in ji ya faɗo."

"Guda bakwai na ɗaura," na ce. "Shida suna aiki. Kai kaɗai aka ɗaura wa mai aljanu?"

"Ban ce ka yi kuskure ba. Na ce ka duba."

"Zan duba."

Na duba ɗin, amma ba abin da ya roƙa ba. Na duba iskar da ke ɗaga ƙahon, na duba wayoyinsa, na duba sandunan gawayin da ke gugar wayar sama. Na ga sun fi cinyewa ta gefe ɗaya, na ce a raina ai ga shaida nan, mutumin yana jingina hagu. Shiga ƙarƙashin motar da igiya bai fi aikin minti arba'in ba. Ban shiga ba, domin in na shiga kamar na yarda ke nan cewa ana iya samun laifi a aikina.

Bayan wata biyu manajan rami, Harjit Dhaliwal, ya kira mu ofis mu biyu. Mutumin kirki ne, ba ya son wulaƙanta kowa. Ya ajiye takardar kwamfuta a tebur, ya ce faɗuwar Lorne ta fi ta sauran shidan a haɗe.

"Merv, motar lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ni na auna ta."

"Lorne ya ce yana jin ba daidai take ba."

Da na yi shiru a nan, da sauƙi. Amma na ji an taɓa ni, sai na yi dariya na ce, "Ranka ya daɗe, bara a farauta barewa ta tsaya masa kamar daga nan zuwa ƙofar can, ya harbi bishiya." Wasa ne da muka saba yi a gidansa, shi da kansa yake ba da labarin yana dariya. A ofis ɗin nan kuwa ba wanda ya yi dariya. Harjit ya rubuta wani abu. Lorne ya dube ni, ya sa hularsa.

Aka tura shi wurin likitan ido. Likita ya ce akwai 'yar yana da ta fara fitowa a idon hagu, irin ta shekaru, ba ta kai ta hana tuƙi ba. Amma da aka haɗa wannan da takardar kwamfuta da maganar makanike, sai aka sauke shi daga tifa, aka ba shi motar yayyafa ruwa a hanya. Albashinsa bai ragu ba. Wata biyu ya yi yana bin bayan tifofi yana kwantar musu da ƙura, sai ya rubuta takardar ajiye aiki. A walimar sallama ya gaisa da ni kamar yadda ya gaisa da kowa. Kafin ƙanƙara ta fara sauka sun sayar da gida, sun koma garin Lethbridge kusa da 'yarsu.

Goma sha huɗu ta yi makonni tana tafiya a kan dizal, sannan aka ba Shawna Desjarlais, wadda ta fi kowa riƙe layi a motarta ta da. Kwana uku ta yi, ta shigo gareji ta jefa safar hannunta a kan bencina.

"Baba Merv, motarka karkatacciya ce."

"Ke ma kin fara?"

"Ban fara komai ba. Wata biyar ban faɗar ba, jiya sau huɗu. Ko dai na makance cikin kwana uku, ko kuma ka ɗauko awonka."

Ranar Lahadi da safe, gareji ba kowa, na shiga ƙarƙashinta da igiya. Na auna sau uku. Inci shida ƙahon ya kauce zuwa hagu. Sai a lokacin na tuna cewa shekara goma sha ɗaya baya dutse ya taɓa faɗo wa wannan motar a goshi, aka yanke dandamalinta aka yi wani da walda. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi waldar. A miƙaƙƙiyar hanya inci shida ba ya hana komai, a kwana ne yake fitar da ƙahon daga waya, ko da direba na tsakiyar layi.

Na daɗe zaune a ƙasa, na jingina da taya. Daga nan na yi abin da ya fi na farko muni. Ranar Litinin na rubuta cewa akwai gyaran notina, muka sassauta ƙarfen, muka matsar da shi, muka ɗaure. Shawna ta daina faɗarwa. Ta zo ta tambaye ni me na samu, na ce 'yar matsala ce ta iska. Ta dube ni ta ɗan jima, ta fita. Na ce wa kaina ai Lorne ya riga ya tafi, yana hutawa da jikokinsa, tonawar ba za ta amfane shi da komai ba.

Wata biyar na riƙe abin a ciki. A ƙarshen hunturu matata ta kira Darlene a waya, suna hira ta miƙo mini. Na tambayi mutumina.

"Yana nan," in ji Darlene. "Ka san ya daina tuƙi? Ya ba surukinmu motarsa. Ni nake kai shi ko'ina, har wurin aski. Ya ce mutumin da yake ganin yana kan layi alhali ba ya kai, bai kamata ya ɗauki jikokinsa a mota ba. Likitan nan ya ce idonsa bai kai haka ba, amma ya ƙi ji."

Washegari na shiga ofishin Harjit na faɗa masa komai, har da gyaran ɓoye. Ya cire tabaraunsa ya daɗe yana murza ido. Ya ce zai rubuta mini takardar gargaɗi, kuma zai rubuta wa Lorne wasiƙa ta wanke shi, in yana so ya dawo kujerarsa na nan. Na ce ya ba ni wasiƙar in kai da kaina.

Tafiyar awa tara ce. Na same shi a bayan gida yana fasa itace, ya rame kaɗan. Darlene ta dafa farfesun barewa, muka ci. Da ta tashi kwashe kwanuka, na ajiye wasiƙar a gabansa na ba shi labari tun daga ranar Juma'ar nan. Ban rage komai ba. Ya karanta wasiƙar a hankali, ba tabarau.

"Inci nawa?"

"Shida."

"Hagu?"

"Hagu."

Ya gyaɗa kai. "Yaushe ka gano?"

Wannan ce tambayar da nake tsoro tun daga hanya. Na ce, "Watan Oktoba."

Ya ƙirga da yatsu a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya, har biyar. Darlene tana tsaye a ƙofar kicin da tawul a hannu.

"Awon ba komai ba ne, Merv," ya ce. "Kowa yana kuskuren awo. Maganar barewa ma, na san bakinka, ya fi kanka sauri tun kana yaro. Amma ranar Kirsimeti jikata ta ce in kai ta wasan ƙanƙara, tafiyar minti biyar, na ce mata kakanta ba ya gani. Ta yi kuka. A lokacin kai ka sani."

Na ce ya yafe mini. Ya ce bai riƙe ni a zuciya ba, ya tashi ya zuba mini kofi. Sun gyara mini ɗaki, amma na ce ina da aiki gobe, shi ma bai matsa ba. Ya rako ni har bakin mota, ya ba ni hannu, ya ce in gaida gida.

Bai dawo aiki ba. Ya rubuta wa Harjit layi biyu na godiya, ya ce a bar wa yara kujerar. Darlene ta gaya wa matata cewa da bazara ya karɓo motarsa daga wurin surukin, yana tuƙi a cikin gari, amma ba ya hawa babbar hanya, kuma in da yara a ciki ita yake miƙa wa makulli har yau.

Ni kuwa na ƙara shekara huɗu a gareji, na ɗaura wa tifofi goma sha ɗaya ƙaho kafin in yi ritaya. Ina kiransa a waya lokaci-lokaci, yana ɗauka. Mukan yi maganar sanyi da farashin mai da ciwon gwiwarsa, minti biyar ko shida, sai ya ce bari ya ba ni Darlene.