Man Kaɗen Mahbuba

Ina cikin juya sabulu labarin ya same ni. Bayan la'asar ne, a gidanmu na Yalwawa. Habibullahi ƙanin mijina ya shigo bai ko kashe babur ɗinsa ba, ina jin ƙararsa a ƙofar gida. Ya tsaya nesa da ni ya ce, "Yaya, ajiye muciyar nan."

Na ce masa in na ajiye yanzu zai daskare mini a bokiti.

Ya ce, "Ki ajiye dai."

Motar hayar da ta ɗauko su daga Kiyawa ce tayarta ta fashe. Mahbuba, autata, tana shekarar ƙarshe a jami'a a nan Dutse, an tura su koyarwar gwaji a wata makarantar 'yan mata a can, ita da ƙawarta Mashkura. Mashkura ta karye a ƙafa. Mahbuba ba ta kai asibiti ba. Na yi salati, na ci gaba da juyawa. Mata sun ce har gidan ya cika ban saki muciyar ba, sai da aka ɓamɓare ta daga hannuna. Ni ban tuna wannan ba.

Karatuna bai wuce firamare ba, sai makarantar allo. Mu mutanen shanu ne da muka zauna gari. Sabulun wanki nake yi na sayarwa, da soda da man alayyadi, tun Mahbuba tana goye. Da gwangwanin madara nake awo, yadda aka koya mini. Wata rana ya yi kyau, wata rana ya ci wa mata hannu su dawo suna nuna mini tafinsu. Ban taɓa sanin dalili ba, sai in ce sodar ce ta zo da ƙarfi.

Da Mahbuba ta shiga jami'a tana karanta kemistiri, sai ta zo mini da wani ɗan sikeli mai batir. Ta zauna a kan turmi tana kallon hannuwana.

"Inna, sabulunki ya fi barkono yaji."

"Da shi aka wanke ki har kika yi wannan bakin."

"Shi ya sa na fito a koɗe," in ji ta, tana dariya. "Kawo gwangwanin nan, ya yi ritaya."

Ta tambaye ni, in aka auna kilo ɗaya na ƙwan zabo da kilo ɗaya na ƙwan agwagwa, wanne zai fi yawa a ƙirge? Na ce na zabo mana, ai ƙanana ne. Ta ce to haka mai da soda suke, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a ƙirge suke haɗuwa, ba ruwansu da cikar gwangwani.

"Dozin nawa ne, Inna?"

"Sha biyu. Yau kuma ni za ki mayar 'yar aji ɗaya?"

"Mu ma muna da namu dozin, sunansa mol. Sai dai shi in kika fara ƙirga shi yau, jikokin jikokinki ba za su gama ba. Shi ya sa ba a ƙirgawa, sai a auna nauyinsa."

Ta ce ƙwayar soda abu uku ne a manne: sodiyam mai nauyin ashirin da uku, oksijin sha shida, haidirojin ɗaya. Ta sa na haɗa da kaina, na ce arba'in. Ta ce to mol ɗaya na soda giram arba'in ke nan. Sannan ta ɗauki tsinke ta yi zane a ƙasa. A hagu mai ɗaya da soda ɗaya. A dama sabulu uku da wani abu mai santsi da ta kira gilisirin, kowane sabulu da sodiyam ɗinsa.

"Ƙirga sodiyam a dama."

"Uku."

"A hagu fa?"

"Ɗaya."

"To biyun daga ina suka fito? Aljanu suka kawo gudummawa?"

Sai ta rubuta uku a gaban sodar, hagu da dama suka daidaita. Ta ce kowace ƙwayar mai soda uku take buƙata, kamar tukunya da duwatsun murhu. Mol uku na soda, giram ɗari da ashirin, ga mol ɗaya na mai. Mol na alayyadi kuwa wajen giram ɗari bakwai ne. Sodar da ta yi saura ba ta samu man da za ta ci ba, ita ce take cin hannun mutane.

Ɗari da ashirin ga ɗari bakwai. Na haddace shi kamar karatun allo. Tun daga ranar ba wadda ta sake dawowa tana nuna mini tafi. Maganar ƙwai kuwa na bar ta a wurin, na ɗauka wasa ne irin nata.

Yayarta Hindatu tana aure a Jahun. 'Yar fari ce, a baki ba na faɗin sunanta, a nan ne kawai na rubuta. Fatarta tun tana ƙarama ba ta son sabulun kasuwa, ƙuraje take yi. Da ta samu ciki, Mahbuba ta ce jaririn ma haka zai zo, don haka ita da kanta za ta haɗa masa sabulu na man kaɗe, mai laushi, wanda ba kanti da yake da irinsa. Ta sayo man a kasuwar Shuwarin, ta zo da shi a gwangwani mai murfi, ta ɗora a kan kantar kwanuka a ɗakina.

"Kada ki taɓa, Inna. Kar in dawo in tarar kin shafe shi a kaushi."

Na ce kaushina ya fi ƙarfin manta. A makon ne ta rasu.

Bayan an watse daga zaman makoki na daina sabulu. Bokitin yana nan da abin da ya daskare a ciki, na kife shi a bayan ɗaki. Babansu ya koma bin kasuwannin shanu, ba ya son zaman gida. Ni kuma in share tsakar gida, in dafa abin da ba zan ci ba. Gwangwanin yana kan kanta, ina ganinsa duk lokacin da na ɗaga kai daga sallah.

Da cikin Hindatu ya tsufa aka kawo ta goyon ciki. Ranar da na ga tana ninke 'yan rigunan jariri, na tashi na sauko da gwangwanin. Yaron nan an yi masa alkawari, mai alkawarin ba ta nan, saura ni. Na jiƙa soda ɗari da ashirin. Na narka man, na auna ɗari bakwai, na mayar da saura gwangwani na rufe. Na juya, na zuba a mazubi. Ya yi fari, ya yi kyau a ido.

Masu sabulu muna da yadda muke gwadawa: a ɗan taɓa shi da bakin harshe. Da ya sha iska na yanka na taɓa. Ya cije ni kamar na lashi garwashi. Na bar shi ya ƙara kwanaki, na sake taɓawa, haka dai. Na wanke hannu da shi, bayan hannuna ya yi ja.

Na zauna a ƙasa da sabulun a cinya. Man da ta ɗauko da hannunta, na mayar da shi abin da ba za a kusanta da jariri ba. Ba a ga kukana ranar jana'iza ba, amma ranar nan Hindatu ta gani.

Ta ce, "Inna, ki bar shi. A sayo na kanti."

"Ba na kanti ta ce ba."

Sai ta ce, "Mashkura za ta san inda aka kuskure. Ajinsu ɗaya."

Iyayen Mashkura sun zo mini ta'aziyya, ni ban je dubiya ba. Ba ta yi mini komai ba. Ban dai iya tunanin kallon wadda ta fito daga motar ba. Kuma gidansu a Kiyawa yake, zuwa can sai an bi ta hanyar da abin ya faru. Na ce wa Hindatu zan yi tunani. Amma ƙafafunta sun kumbura, cikin ya sauko, ba lokacin tunani. Washegari da hantsi na ƙulle sabulu guda a leda na hau mota. Tun daga fitarmu Dutse na rufe fuskata da mayafi, ban buɗe ba sai da direba ya ce Kiyawa.

Mahaifin Mashkura malami ne, ana karatu a zaurensa. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ƙafar a cikin farin simintin ɗorin asibiti har gwiwa. Da ta gan ni ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna, ke. Da wace ƙafar?"

"Inna," in ji ta, sai hawaye. "Inna, na so in zo."

"Ni ya kamata in zo. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ya ƙarin haƙuri?"

"Sai godiya."

Sai na kwance ledar na miƙa mata, na ce taɓa da harshe. Ta taɓa, ta yamutsa fuska tana tofarwa.

"Kai, Inna! Dubiya kika zo ko ƙarasa ni?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Na faɗa mata komai, da alkawarin, da awon da na yi. Ta sa aka miƙo mata biro. Ba takarda a kusa, sai ta jawo ƙafar ta fara rubutu a jikin simintin. Zanen nan ne dai, hagu da dama, da uku a gaban soda.

"Wannan bai canza ba," ta ce. "Kowane mai soda uku yake ci. Amma ɗari bakwai ɗin na alayyadi ne. Ƙwayar kaɗe ta fi girma, mol ɗinta ya kai wajen ɗari tara. Kin ga a ɗari bakwai na kaɗe, ƙwayoyin ba su kai yawan..."

Na ce, "Ƙwan agwagwa."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Alayyadi ne zabo, kaɗe agwagwa. Tukwanen sun yi kaɗan, duwatsu sun yi saura."

"Ke ma ta yi miki?" Ta rufe baki da hannu. "Haka ta yi wa ɗalibanta. Har suka sa mata Malama Zabuwa. In ta shigo sai su hau kukan zabo, ita kuma ta ce wadda ta fi iyawa ita za ta fara fitowa allo."

Ban san wannan ba. Na ce ta ƙara ba ni labari, ta ba ni, har shayin da aka kawo mini ya huce. Ban tambaye ta game da motar ba, ita ma ba ta ɗauko ba.

Daga baya ta koma kan lissafin. Soda ɗari da ashirin tana son kaɗe wajen ɗari tara kafin ta ƙoshi. Tunda na jariri ne, sai a ƙara mai a kai, ya zama mai ne ya yi saura ba soda ba. A cika shi kilo ɗaya.

"Kin sa ɗari bakwai. Saura nawa?"

"Ɗari uku."

"Ba a zubar da wannan, Inna. Ki goge shi, ki ɗan yayyafa ruwa, ki narka a wuta kaɗan kaɗan, ki ba shi man da yake nema. Nawa ya rage a gwangwanin?"

Na ce ban auna ba.

"Ki je ki auna."

A hanyar dawowa ban rufe fuska ba. Ban san wurin da tayar ta fashe ba, ban kuma tambaya ba. Gonaki ne dai da duwatsu, an yi girbin gero an jingine karan.

Ko mayafi ban cire ba na ɗauko sikelin. Na ɗora kwano, na mayar da shi sifiri yadda ta koya mini, na kwashe man da cokali har na kankare gindin gwangwanin. Hindatu tana tsaye a kaina, hannu a ƙugu. Ita ta karanta lambar da ƙarfi. Ɗari uku ne, da ɗan abin da bai kai a faɗa ba.

Kilo ɗaya ta sayo. Ta riga ta gama lissafinta tun kafin ta je kasuwa, ni ce ban sani ba. Hindatu ta juya ta shige ɗaki, na ji ta tana jan hanci.

Na goge sabulun a magogin kuɓewa sabo, na ɗora a wuta, na zuba sauran man. Bai yi farin farko ba, ya fito da ɗan duhu, saman kuma ba sumul ba. Da ya bushe na taɓa da harshe. Ɗanɗanon sabulu kawai na ji. Na wanke fuska da shi, na ba Hindatu ta yi wanka, muka jira. Ba ja, ba ƙaiƙayi.

Namiji ta haifa, aka sa masa Fahad. Da shi ungozoma ta yi masa wankan farko, da shi na ci gaba da yi masa har suka gama wanka. Ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Ranar suna Mashkura ta zo da sanda tana ɗingishi, ta ɗauke shi ta shinshina wuyansa ta ce yana ƙanshin kaɗanya.

Da za su koma Jahun na ɗaure wa Hindatu sabulun duka a tsumma, na cire guda ɗaya. Na koma sana'ata, da alayyadi, da sikeli. Na kaɗe kuwa ban sake yi ba.

Gudan da na cire yana nan. Kullum da safe ina wanke fuska da shi, shafa ɗaya kawai. In na gama ba na barin sa a jiƙe. Ina tsane shi da gefen zanina, in ɗora shi a kan taga inda iska take shigowa, don kada ya yi saurin narkewa. Yanzu ya yi siriri, in na ɗaga shi ina ganin haske ta jikinsa.