Sarkin da Goshina Ya Cinye

Abin da Inna ta bar mana bayan tukwane shi ne kwabon azurfa guda, babba, a ƙulle cikin ƙyalle. Tun muna yara take cewa, "Wannan kuɗin Turawan da ne, ranar wahala zai fisshe ku." To, ranar wahalar ta zo. Yanar ido ta rufe wa Yayata gani, likita ya ce sai an yi aiki, ni kuwa ɗinkina bai wuce ya ciyar da mu ba.

Kafin mu fita sayar da shi na zauna da man goge baki da tsohon burushi, na dirje kwabon nan har ya fara ɗaukar ido. Ni a tunanina na ƙara masa daraja.

Mai sayen tsoffin kuɗi yana wani ɗan shago a bayan masu gyaran agogo, ƙofarsa gajera, sai ka sunkuya. Yana kwance ƙyallen ya dafe kai.

"Wane mara tausayin ne ya wanke shi?"

"Ni ne," in ji ni, har da ƙirji a gaba.

"Sannu da aiki. Dattin nan da ka kankare, shi masu tarawa suke biya."

Yaya ta juyo wajen da take jin muryata. "Me ya ce ka yi?"

"Yabona yake, Yaya."

Mutumin ya kanga wa kwabon maganaɗisu, bai kama ba. Ya sake shi kan tebur, ya yi ƙara siririya mai daɗi. "Azurfa ce ta gaske," ya ce. Ya maƙala gilashi a ido ya juya bayansa. "Ga ginshiƙai biyu, ga kambi a sama, ga zakuna. Riyal takwas ne na Sifaniyawa, wanda suke bugawa a ƙasashen da suka mallaka. Ya haura shekara ɗari biyu."

Yaya ta matse hannuna.

Sai mutumin ya juya gaban kwabon. "Ina sarkin?"

"Wane sarki?"

"Nan ya kamata a ga kan sarki, da hancinsa, da shekarar da aka buga a ƙasa. Shekarar ce kuɗin. Nan kuwa sumul kamar gindin cokali. Wannan ba aikin burushi ba ne, shekaru aka yi ana murza shi a kan wani abu mai tauri."

Yaya ta saki hannuna a hankali. "Abu mai tauri," ta ce. "Malam, ga shi nan tsaye a gabanka."

Gaskiyarta ne. Duk yaron da ya buge kai a gidanmu, Inna sai ta ɗauko kwabon ta danna a kumburin, tana murzawa tana faɗa. Yaya sau biyu aka taɓa yi mata. Ni kuwa na faɗo daga katanga, na faɗo daga keke, na yi karo da ƙofa, da rago, da ɗan maƙwabta. Kullum da gefen sarki take dannawa, wai ya fi sanyi.

"Nauyin azurfar kawai zan saya," in ji mutumin. Ya ɗora a sikeli ya faɗi farashi. Ko gashin ido ba zai biya ba.

"Ba mu kayanmu," in ji Yaya. "Kai kuma ɗan banza, ka cinye min ido da goshinka!"

Ta juya a fusace za ta fita, ba ta ga ƙofar ba. Gum! Sai da agogunan maƙwabta suka girgiza. Ta zauna daɓas a bakin shagon, ta rufe fuska, kuma ba zafin bugun ne ya sa ta kuka ba. Dariyar da ta taso min ta koma ciki, tausayinta ya kama ni.

Na durƙusa na danna mata kwabon a goshi.

"Gobe zan sayar da keken ɗinkina," na ce.

"Da me za ka ci?"

"Ke dai tsaya cik."

Ta laluba hannuna, ta juya kwabon. "Ba nan ba, sakarai. Gefen sarki."