Titin da Ba Ya Ɓullewa

Sau uku ke nan Mai Wasiƙa yana karya kwana zuwa dama, sau uku kuma bango yana tare shi. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a tsakiyar gari, inda kowane titi yake miƙa mutum ga na gaba. Ƙa'idarsa ita ce, wanda ya ɓace ya yi ta bin dama, zai ɓulla inda ya sani. Shi ya sa da jikarsa ta ce za ta raka shi da taswirar waya, ya yi dariya ya hau bas shi kaɗai.

Ya zo neman ƙaninsa ne. Shekara shida ba sa magana, ga shi an ce da azahar za a tafi da shi asibiti mai nisa domin aikin zuciya. Dattijon yana tsoron Allah Ya karɓi ɗayansu da wannan gaba a wuyansa.

Duk da haka, sabuwar unguwar da ƙanin yake zaune, mamaki ta fi ba shi. Titunan masu faɗi ne, sun sha kwalta, amma kowanne sai ya lanƙwasa ya mutu a gindin bango. Ya tsaya yana tunanin wane bawan Allah ne ya zana hanya don kada ta kai ko'ina.

Wata mai shara ta tambaye shi ko bangon ya zo saye. Ya faɗa mata lambar gidan. Ta ce ai ga rufinsa can a bayan bangon, amma ƙofarsa sai an koma babban titi an zagaya, tafiyar minti arba'in ga mai ƙafar ƙuruciya.

Ya dubi agogo. Saura minti ashirin.

Sai ya ji tari daga can ciki, gajere, sau biyu, irin na mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa. Ya ɗaga murya ya yi sallama.

Aka amsa daga bayan bangon.

"Yaya? Kai da ka san kowane lungu, kai ne ka ɓace?"

"Na ɓace, ƙanena. Ka yafe mini."

"Tun tuni. Ni ma ka yafe mini."

Mai Wasiƙa ya ɗora tafinsa a kan bangon yana addu'a, har ya ji an tada mota ta yi nisa. Sannan ya juya ga mai shara ya ce, "'Yata, ta ina ake fita?" Ta fara kwatance, ya saurara har ƙarshe.