Ƙofar da Malam Aƙilu Ya Fasa

"Nan za ka fasa," in ji Malam Aƙilu, yana dungurar katanga da sandarsa.

Magini ya ɗaga diga, Malam Haruna maƙwabcinsa ya kawar da kai. Haba, katangar da suke haurawa suna yara su tsinko gwaiba! Ƙamshin tsohuwar ƙasa ya tashi, zuciyarsa ta karye.

"Aƙilu, gidan kakanninka kake wa ɓaraka?"

"Ƙofa nake wa Radiya. Ka shaida, sashen nan na ba ta kyauta, yau za ta karɓi abinta. In na bari sai ciwo ya kwantar da ni, malamai za su ce kyautar ba ta zauna ba."

Radiya bazawara ce da ya auro bayan rasuwar uwar 'ya'yansa. Ba ta haihu da shi ba, amma ita ke zura masa zare a allura tun da idonsa ya dushe a kan aikin babbar riga. Babban ɗansa Sagiru kuwa ya daɗe yana cewa a sayar da gidan. In aka sayar, tumunin takabarta ko ɗaki ɗaya ba zai saya mata ba.

Aka toshe hanyar ciki, aka kafa ƙyaure, aka miƙa mata makulli a gaban liman. Daga ranar Malam Aƙilu sai ya zagaya ta lungu in zai ci tuwo, Haruna yana masa tsiya: "Tsoho ya koma zuwa zance!"

Da kaka ta yi, Malam Aƙilu ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Haruna ya yi kuka har ya ji kunya.

Bayan sadakar bakwai Sagiru ya zo da dillali, suka shiga suka ci karo da sabuwar katanga.

"Baba Haruna, wannan fa?"

"Iyakar gadonku ke nan. Bayanta na Radiya ne. Ni shaida, liman shaida."

Sagiru ya sallami dillalin. Ya bi lungu, Haruna na biye da shi. A bakin ƙyauren ya yi sallama.

"Waye?"

"Sagiru ne, Inna."

"Shigo ka sha koko. Na manta na dama har da na babanka."

Ya cire takalmi. A kan tabarma kofi biyu ne, ɗaya yana ta turiri ba a taɓa shi ba.