Sallamar Lami a Ɗakin Ruth

Lami Yohanna ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau, sai dai ba karatu ne ya dame ta ba. Damuwarta ita ce inda za ta zauna shekara huɗu ba tare da tana tauna magana kafin ta furta ba. A Haɗeja aka haife ta, inda mahaifinta, Malam Yohanna mutumin Pankshin, ya shekara ashirin da biyar yana koyar da lissafi. Hausar Haɗeja ce a bakinta tsantsa, yaren mahaifinta kuwa gaisuwa ma sai ta yi tuntuɓe.

Ta fara leƙa wata jami'a a nan cikin jiha tare da ƙawarta Bushira. 'Yan matan ɗakin kwana suka karɓe su hannu bibbiyu, har da zuba musu dambu. Ana cikin hira Lami ta tambayi inda ɗalibai Kirista suke sujada ranar Lahadi. Wata ta saki cokali.

"Au, ke Kirista ce? Wallahi ba ki yi kama da su ba sam!"

Yabo ta yi, har zuciyarta, abin da ya fi ciwo ke nan. Aka nuna wa Lami wani aji can bayan ɗakin gwaje-gwaje, an ɗaure ƙofar da kwaɗo, aka ce idan an samu mai makullin ana buɗe musu. Ta yi murmushi ta yi godiya, dambun dai ba ta ƙara taɓa shi ba.

Da ta ba da labari a gida, Malam Yohanna ya ce, "To ki je Jos ki gani. Can ne gida. Ruth tana can, za ki shiga cikin 'yan'uwanki."

Ruth 'yar wansa ce, tana aji uku a wata jami'a a can. Lami ta hau mota da ƙullin busasshen kifi na tsaraba, zuciyarta fes. Ta isa da la'asar, ta nemi lambar ɗakin, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi abin da ta saba yi a kowace ƙofa tun tana yarinya.

"Salamu alaikum."

Ɗakin da ke cike da shewa ya yi tsit. 'Yan mata biyar suka zuba mata ido. Wata doguwa ta ajiye farantinta, ta bi ta gefen Lami ta fice ba tare da ta kalle ta ba. Ruth ta jawo ta ciki da sauri, ta ce mata da Hausarta ta Jos:

"Ke Lami, ba a wannan a nan! Wancan yarinyan da ya fita, an kashe yayanshi a rikici. Ki ƙwanƙwasa kawai."

"Wallahi ban sani ba, Yaya."

"Wallahin ma ki bar shi."

Kwana uku ta yi, kwana uku tana gadin bakinta. Amma harshe ba ya jin kashedi. Aka tambaye ta ko za ta dawo, ta ce in sha Allahu. Ta durƙusa ta gaida matar fasto, 'yan mata suka kwashe da dariya. Kafin ta tafi sun raɗa mata suna Hajiya. Ba mugunta suke yi ba, wasu ma sun so ta, sun kuma cinye kifin tas. Sai dai duk lokacin da ta shigo, hira takan canza hanya. Lami ta yi baƙin cikin da ba ta taɓa yi ba, domin nan ne aka ce mata gida.

Ta dawo ta tarar kogi ya yi ambaliya, shinkafar maƙwabtansu mutanen Auyo duk tana ƙarƙashin ruwa, gari ba mai walwala. Ranar Alhamis, ana gobe za a rufe damar canza jami'ar da ɗalibi ya zaɓa, ta tafi shagon Nu'uman mai kwamfuta a bakin kasuwa.

"'Yar Malam, wacce za a sa? Ta nan ko ta Jos?"

Ta dubi allon kwamfutar. "Malam Nu'uman, ba akwai wadda ake karatu daga gida ba? Ta waya?"

"Akwai. Amma da wannan makin naki? Haba! Wannan ai ta ma'aikata ce da masu iyali."

"Ita za ka cike mini."

Ya girgiza kai, ya cike, ya miƙa mata takardar da ɗuminta.

Ta samu mahaifinta a tsakar gida yana duba littattafan ɗalibai da jan biro. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta ko akwai ƙari.

"Lami, ita wannan a wane gari take? Su wa za ki zauna da su?"

"Ba kowa, Baba. A ɗakina take."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, irin na malamin da ya saba samun amsar kowace tambaya. Sai ya tuna shi ne ya kawo ta garin nan, shi ne kuma ya tura ta wancan. Ya ninke takardar ya miƙa mata. Lami ta shige ɗaki ta saki labule.