Zarton Gwanjo da Surukin Kafinta

Ranar Talata da hantsi zarton lantarkin kafinta ya yi wata irin ƙara, ya tofar da hayaƙi, ya mutu a tsakiyar katako. Ƙofofi goma sha biyu ya yi alkawarin kai wa wani sabon asibiti ranar Juma'a, kuma huɗu kawai ya yanka. Ya shiga gida ya gaya wa matarsa zai leƙa layin 'yan gwanjo ya samo wani. Kuskuren da ya yi ke nan, don kafin ya sauya riga ta riga ta buga wa mahaifinta waya.

Surukin nasa ya shekara talatin yana gyaran injuna a masaƙa kafin ya yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Tun da ya bar aiki babu fanka ko rediyon da ya tsira daga hannunsa a gidajen 'ya'yansa.

"Ba za ka je kai kaɗai su cuce ka ba," in ji shi, yana gyara zama a bayan babur.

"To, Baba," in ji kafinta. Me zai ce?

Mai shagon da suka je wani kakkauran mutum ne mai fara'a. Ya jero musu zarto uku a kan tebur. Kafinta ya ɗauki wani rawaya mai sheƙi, aka sa a wuta, ya yi kuka garau. Har ya buɗe baki zai yi ciniki sai ya ga Injiniya ya zaro sukudireba daga aljihun gaba, ya shimfiɗa tsohuwar jarida.

"Dattijo, me za ka yi?" in ji mai shago.

"Gaisawa za mu yi da shi."

"Ai ka ji kukansa."

"Na ji. Cikinsa nake son gani."

Mai shago ya dubi kafinta, kafinta ya dubi ƙasa. Cikin minti biyar zarton ya rabu gida biyu. Injiniya ya ƙwanƙwasa giyar da farce, ya ce roba ce. Ya kankare wayar kwayil da bakin sukudireba, jan launin ya tashi, fari ya fito.

"Ka gani? Ba tagulla ba ce, fenti suka shafa mata. Wata biyu ba zai yi maka ba."

Na biyun da aka buɗe, tsatsa ce ta zubo a kan jarida. Injiniya ya sansana ya ce wannan ya kwana a ruwa. Zuwa lokacin mutane sun fara taruwa. Wani birkila da ya riga ya zaɓi giranda, injin yankan ƙarfe da tayil, ya ajiye ta a hankali, ya matso kallo.

"Dattijo, nan fa shago ne, ba makaranta ba," in ji mai shago, fara'ar ta tafi. "Kai malam, ka yi wa babanka magana mana!"

"Baba," in ji kafinta a hankali, "ko mu ɗauki na ukun kawai? Rana tana yi."

"Ido rufe? Miƙo min shi."

Na ukun tsoho ne, mummuna, an ɗaure mariƙinsa da salatif. Injiniya na ɗaga murfin, wani ɗan ƙaramin sifirin ya yi tsalle ya ɓace ƙarƙashin tebur.

"Kada kowa ya motsa," in ji shi. "Ɗana, duba mana, idonka ya fi nawa."

Haka kafinta, magidanci mai 'ya'ya uku, ya durƙusa cikin tsofaffin wayoyi da baƙin mai yana lalube, jama'a na yi masa kwatance. Wannan ya ce dama, wancan ya ce ya ga ya yi hagu. Aka kira azahar yana ƙarƙashin tebur. Da ya fito da sifirin ɗin, gwiwoyin wandonsa sun yi baƙi ƙirin, kuma ba wanda ya kula da shi. Kowa ya sunkuya kan zarton, Injiniya yana juya giyar ƙarfe da yatsa.

"Ku dubi haƙoranta. Ku ji boris ɗin, ko tari ba ya yi. Wanda ya ƙera wannan yana tsoron Allah. Giris kawai yake so da sabon kabon, ɗan gawayin nan da ke kai wa injin wuta."

Kafinta ya ji sanyi a ransa. Ya ce to a ɗaure, ya biya, su tafi. Amma mai shago ya tsaya yana kallon farar wayar rawayan zarton. Can ya shiga ciki ya jawo wani kwali. Irin rawayan ne cike, jiya aka sauke masa su.

"Baba," ya ce, muryarsa ta sauko, "duk haka suke?"

"Sai mun buɗe."

Aka kawo wa Injiniya kujera, aka aika a sayo masa lemo mai sanyi. Zarton kafinta kuwa aka ture shi gefe da jaridarsa, hanji a waje.

"Baba, zartona fa?" in ji kafinta.

"Yanzu-yanzu. Kai ka cika gaggawa."

Bayan sallah suka buɗe na huɗu. Da suka kama na shida, birkila ma ya miƙo girandarsa a duba masa. Kafinta ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ya hau babur ya koma shagonsa, ya sauko da tsohon zarton hannu daga jikin ƙusa, ya kama yanka. Kafin la'asar sakaliya ƙofa ɗaya da rabi ya yi, tafin hannunsa ya yi bororo.

"Ina ka baro Baba?" in ji matarsa da ta kawo masa ruwa.

"Ya samu aiki."

"Kai dai ba ka da godiya. Wa zai tsaya maka haka?"

Ya ci gaba da jan zarto.

Sai washegari da azahar Injiniya ya iso a adaidaita, zarton a cikin buhu. Ya ce bai samu kabon da ya yi masa ba sai da ya zaga shago bakwai. Aka sa a wuta. Zarton ya shiga katako sumul, ba gargada, ba tsaga, yankan da kafinta bai taɓa samu ba ko a wurin zartonsa da ya mutu. Wannan ne ya fi ba shi haushi.

"Yaya ka gani?"

"Ya yi, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ƙofofi ba su isa asibiti ba sai ranar Asabar da yamma. Ɗan kwangilar ginin asibitin ya tsaya a bakin ƙofa ya wanke shi tas a gaban leburori, ya tambaye shi me ya tsare shi. Kafinta ya buɗe baki, ya ga labarin ya yi tsawo, sai ya ce a yi haƙuri, ya fara sauke kaya.