Furar da Ba a Sha Ba

Gorar ruwa, tabarma, lauje, da ƙwaryar fura. Abin da Murja da saurayinta Kamilu suka fito da shi daga Fakuwa ke nan, za su Mawashi wurin kakarta.

Tun da fari ya cinye damina, masu bindigar da suka riƙe yankin suka hana kowa ajiye iri. Mai son shuka sai dai ya yi musu noma. A shingen Kusada masu bindigar suka zazzage kayan, suka kalli furar, suka ce su wuce.

Can gaba yunwa ta matsa wa Kamilu, ya gatsi curi ɗaya. Haƙorinsa ya yi ƙaras.

"Murja, dakan ne ya gagare ki?"

"Duba cikinta, sarkin ci."

Ɗanyen gero ne, irin gonar babanta, ta cusa a tsakiyar kowane curi. Ya tofa ƙwayoyin a tafinsa ya mayar ƙwarya, bai haɗiye ko ɗaya ba.

Da isarsu kaka ta ɗauko ludayi za ta dama musu. Murja ta rufe ƙofa.

Kamilu ya ce, "A'a, Kaka. Wannan shuka ta za mu yi, in ruwan farko ya sauka."